Taimako: wane firosesa zan saya, kuɗin hannuna ba su da yawa

Auta_Kwamfuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kowa yana lafiya. Dan Allah masana harkar kwamfuta shawara nake nema kafin in kashe kuɗina a inda bai kamata ba.

Ina so in haɗa destof da kaina maimakon in sayi haɗaɗɗiya, laftof ɗin da nake aiki da shi ya gaji, in na buɗe editin da burauza a lokaci ɗaya sai komai ya tsaya cak sai na jira. Aikin da zan yi da ita ba wani mai nauyi sosai ba ne, rubuce-rubuce, koyon rubuta manhaja, editin ɗin bidiyo 1080p da nake ɗorawa a YouTube, sai kuma gem in na samu sarari, yawanci ƙwallo ce da GTA V, wani lokacin Fortnite.

Matsalata ita ce firosesa. Na karanta na kalli bidiyo har kaina ya ɗau zafi, kowa da abin da yake faɗa. Waɗanda nake gani kuɗina zai iya kaiwa su ne Ryzen 5 5500, Ryzen 5 5600, Ryzen 5 5600G, sai ɓangaren Intel akwai i3-12100F da i5-12400F. To ni wallahi ban gane bambancin 5500 da 5600 da 5600G ba tunda duk kor 6 ne (wato sassa 6 masu yin aiki a cikin firosesan) kuma duk Ryzen 5 aka rubuta, me ya sa kuɗinsu ya bambanta? Sannan wani abokina ya ce in manta da duk wannan, akwai tsohon i7-4790 da zai sayar min da bod ɗinsa da RAM gaba ɗaya da araha, wai i7 ai i7 ne ko ya tsufa ya fi i3 na yanzu, kuma wai 4.0GHz yake kaiwa. Na kuma ga ana tallan Xeon mai kor 14 haɗe da madabod da RAM a farashin da bai kai na i5 shi kaɗai ba, abin ya ja hankalina gaskiya.

Katin girafik ba ni da shi tukuna, niyyata in fara haɗa sauran in yaso daga baya in na tara kuɗi in sayi na hannu. Wanne kuke gani zai fi min? Na gode.

Malam_Habu:

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa layin ƙarshe na tambayarka shi ne ya kamata ya zama na farko, don shi ne zai yanke maka hukunci kafin ma a zo maganar wanne ya fi wanne gudu.

Ka ce ba ka da katin girafik. To ka sani a cikin guda biyar ɗin da ka lissafo, huɗu ba za su nuna maka hoto a allo ba sai da kati. 5500 da 5600 ba su da girafik a cikinsu, haka duk wani Intel da ka ga harafin F a ƙarshen lambarsa, ma'anar F ɗin kenan, babu girafik. Mutane da yawa suna ruɗuwa saboda suna ganin ramin HDMI a bayan madabod sai su ɗauka shi kenan, alhali ramin nan ba shi da komai na kansa, hanya ce kawai da firosesa yake bi ya tura hoto, in firosesan ba shi da girafik ramin mataccen rami ne. Za ka danna makunni, fanka ta juya, fitilu su kama, allo kuma baƙi ƙirin yana rubuta maka babu sigina, kai ta cire RAM kana mayarwa kana zaton an sayar maka da jabu. 5600G ne kaɗai a jerinka zai tashi ya nuna hoto ranar da ka haɗa.

Yanzu bambancin ukun nan na AMD da ka tambaya. Duk kor 6 ne, tiredi 12 (wato layukan aikin da yake ɗauka lokaci guda), duk ƙirar Zen 3 ce, duk wat 65, duk soket AM4 suke shiga (soket shi ne mazaunin firosesa a jikin madabod), zuwa nan kanwar ja ce. Inda suka rabu shi ne ma'ajiyar L3 da kuma PCIe, wato layukan da katin girafik yake bi ya yi magana da firosesa. 5600 yana da L3 mai 32MB kuma yana tafiya da PCIe 4.0. 5600G yana da 16MB kawai da PCIe 3.0 saboda an ba girafik ɗin Vega wuri a cikin guntun. Shi kuma 5500 asalinsa irin guntun 5600G ne aka kashe masa girafik, wato ya ɗauki rashin da 5600G yake da shi na 16MB da PCIe 3.0 kuma bai samu ladan girafik ɗin ba, shi ya sa ya fi su araha.

Ita L3 ɗin nan ka ɗauke ta kamar teburin da ke gaban ma'aikaci, RAM kuma sito ne a can bayan gida, iya faɗin teburin iya ragin zirga-zirgar zuwa sito. A wajen rubutu da burauza ba za ka ji bambanci ba ko kaɗan, a editin ma kaɗan ne, amma a gem musamman irin su Fortnite da ake son FPS mai yawa (wato yawan hotunan da ake nunawa a daƙiƙa), nan 32MB yake nuna kansa, kuma ba a matsakaicin FPS kaɗai ba, a wajen ɗan tsinkewar nan da hoto yake yi in an shiga wuri mai cunkoso.

Maganar PCIe 3.0 kuma kar ka bari a tsorata ka da ita fiye da kima amma kar ka yi watsi da ita. In katin da za ka saya mai layi 16 ne, babu abin da za ka rasa da ido zai gani. In mai layi 8 ne irin RX 6600 ko RTX 4060, asarar kaɗan ce. Inda abin yake ciwo shi ne RX 6500 XT, katin nan layi 4 kawai gare shi ga kuma 4GB, in ka ɗora shi a kan PCIe 3.0 to ka shaƙe shi, kuma abin haushin shi ne irin katin da mai ƙaramin aljihu yake kaiwa hannu kenan. Ka kiyaye wannan haɗin, 5500 ko 5600G da 6500 XT ba sa jituwa.

Abu na biyu da nake so ka gyara a lissafinka, kar ka riƙa kwatanta kuɗin firosesa da firosesa. Ka ɗauki takarda ka rubuta firosesa da madabod da RAM a layi ɗaya ka haɗa jimla, sannan ka kwatanta jimla da jimla. Sau da yawa za ka ga wanda ya fi araha shi kaɗai, bod ɗinsa ya cinye rarar, ko kuma akasin haka. Kuma ka tambaya ko na kwali ne ko na tire, don na kwali 5500 da 5600 da 5600G duk suna zuwa da fankar Wraith Stealth, na Intel ɗin ma 12100F da 12400F suna zuwa da tasu, amma na tire tsirara yake zuwa sai ka sayi fanka daban, to ka ga arahar ta ragu.

Ni dai a ganina, in katin zai ɗauke ka lokaci mai tsawo kafin ka samu, ɗauki 5600G ka fara aiki, ƙwallo da GTA V za su tafi in ka sauke saitin. In kuma katin yana kusa, ka daure ka jira ka haɗa da 5600 gaba ɗaya, shi ne za ka daɗe kana jin daɗinsa.

Zee_Editin:

Malam Habu ya yi bayani mai kyau amma ni akwai inda ban yarda ba, ya yi maganar kamar 5600G ne kawai mafita ga wanda ba shi da kati, alhali ai Intel ɗin nan da ka lissafo suna da 'yan uwansu marasa F. Akwai i3-12100 akwai i5-12400, komai iri ɗaya ne da masu F illa an bar musu girafik UHD 730 a ciki, kuma abin da ake ƙarawa a kai ba shi da yawa yawanci.

Eh na sani a gem UHD 730 ba sa'an Vega ba ne, 5600G zai ba shi tazara sosai, wannan ba musu. Amma kai ka ce editin kake yi kuma shi ne aikin da kake ɗorawa mutane su gani, gem ɗin in ka samu sarari ne. To girafik ɗin Intel yana da Quick Sync, shi ne yake ɗauke wa firosesa nauyin buɗe bidiyon H.264 da HEVC (nau'o'in da ake adana bidiyo da su) da kuma fitar da shi, kuma bidiyon waya na yanzu yawanci HEVC ne, in ka taɓa jan layin editin ka ga hoton yana tsalle-tsalle ka san abin da nake nufi. Premiere da sauran manhajojin editin da yawa suna amfani da shi. Kuma daɗin abin ko bayan ka sayi kati ba ya zama a banza, za ka iya barinsa a kunne a BIOS (shafin saitin madabod) yana taimakawa ta bayan fage, sannan ranar da katin na hannun nan ya yi maka tsiya (kuma na hannu ba a rantse masa) kana da abin da za ka cire shi ka ci gaba da aiki.

Bambancin da 5600G kuma shi ne 12400 bai sadaukar da komai ba don girafik ɗin, kor 6 ɗinsa da tiredi 12 da L3 18MB duk suna nan kamar na mai F, in ka sa masa kati daga baya zai yi kafaɗa da kafaɗa da 5600, shi kuwa 5600G in ka sa masa kati mai ƙarfi yana nan a bayansu har abada.

Bod ɗin Intel ɗin nan LGA1700 ne, yana ɗaukar firosesan Intel zubi (generation) na 12 da 13 da 14, kuma akwai mai ɗaukar RAM na DDR4 akwai mai na DDR5, ka lura da kyau don ramin ba ɗaya ba ne, bod mai DDR4 ba zai taɓa karɓar DDR5 ba. Kai mai DDR4 za ka nema. Bod H610 shi ne mafi araha, ramin RAM biyu ne kawai kuma ba ya barin gudun RAM ya wuce 3200, amma ga i3 ko 12400 ya isa, in kuɗi sun ɗan ragu B660 ko B760 ya fi sakewa.

Kuma kafin wani ya zo ya ce ai Intel suna ƙonewa, matsalar da aka yi ta surutu a kai a 2024 ta zubi na 13 da 14 ce, musamman manyan irin i7 da i9 da masu K, wutar da take shiga ce ta yi yawa, kamfanin ya fitar da gyara ta BIOS ya kuma ƙara garanti na shekara 2. Zubi na 12 ba ya ciki.

i3-12100 ma kar ka raina shi don sunansa i3, kor 4 ne amma kowane kor yana da ƙarfi, a gem da yawa yana gaban 5500. Inda zai gaza shi ne wajen fitar da bidiyo mai tsawo ko in kana buɗe abubuwa da yawa lokaci guda, nan kor 6 ya fi.

BabanKhalifa:

ni duk wannan maganar AM4 da LGA1700 bana ganin hikimarta a yanzu, duka biyun hanyarsu ta ƙare fa. AM4 tun 2016 yake, ya yi ƙoƙari kam babu soket ɗin da ya kai shi daɗewa a zamanin nan, amma AMD sun koma AM5 tun 2022, Intel ma sun koma LGA1851 a 2024. meyasa mutum zai zuba kuɗinsa a DDR4 da bazai iya ɗauka ya kai sabon bod ba? ka ƙara haƙuri ka tara ka sayi Ryzen 5 7600 da bod A620 ko B650, shi 7600 yanada ɗan ƙaramin girafik a ciki wanda zai nuna maka hoto kayi aikinka kafin kati yazo, in kuma gem ba kati kakeso akwai 8600G wanda girafik ɗinsa ya ninka na 5600G nesa ba kusa ba, kuma kamfanin sunce zasu cigaba da fitar da firosesa na AM5 har 2027 ko ma fiye, kaga nan gaba firosesa kawai zaka canza ba bod da RAM ba. araha bata ado malam

Malam_Habu:

Baban Khalifa maganarka gaskiya ce ga wanda aljihunsa ya kai, amma ka sake karanta tambayar, mutumin nan kati ma bai samu ba tukuna. AM5 DDR5 kawai yake ci, babu zaɓi, to firosesa ya fi tsada, bod ya fi tsada, RAM ya fi tsada, in ka haɗa rarar ukun nan sau da yawa ta kai wani kaso mai kyau na kuɗin kati. Kuma a 1080p da matsakaicin kati, katin ne yake cikawa kafin firosesa, wato 5600 da kati mai kyau zai ba 7600 da kati mai rauni kashi a gem kullum.

Maganar nan gaba kuma, yawancin masu haɗa kwamfuta da ƙaramin kuɗi ba sa canza firosesa bayan shekara biyu, suna riƙe ta ne har ta tsufa gaba ɗaya, lokacin da za su tashi canzawa bod ɗin ma ya zama tsohon yayi. Kuma AM4 ɗin ma ba a rufe yake ba, wanda ya fara da 5600 yana iya hawa 5700X mai kor 8 ko 5700X3D da 5800X3D masu L3 96MB in ya samu, a bod ɗaya da RAM ɗaya.

In dai za ka bi AM5 ɗin, abu ɗaya, ka yi hattara da 8500G, layi 4 kawai yake ba katin girafik, ba shi ne 8600G ba ko da lambobin sun yi kusa.

Auta_Kwamfuta:

Kai jama'a na gode sosai, Allah ya saka da alheri. Wallahi ban san maganar F ɗin nan ba, 12400F nake ta kallo ina cewa ga araha.

Malam Habu game da katin, in komai ya tafi daidai ba zai wuce 'yan watanni ba, RX 6600 na hannu nake hari. Amma ba zan iya zama ba kwamfuta har lokacin ba don laftof ɗin ya kusa mutuwa. AM5 gaskiya na buga lissafin bai shiga ba Baban Khalifa, iya kuɗinka iya shagalinka.

Har yanzu ba wanda ya ce komai a kan i7-4790 ɗin abokina da Xeon mai kor 14 ɗin, su fa? Don in na ɗauki ɗaya daga cikinsu kuɗin kati zai fito yanzu-yanzu ba sai na jira ba, shi ya sa nake ta waiwayensu.

Injiniya_Sadiq:

Auta bari in amsa maka wannan tunda su sun tsallake.

Abokinka ba lallai yana son cutarka ba ne, mutane da yawa haka suka yarda, cewa i7 ya fi i5, i5 ya fi i3, shi kenan. Wannan gaskiya ne amma a cikin zubi ɗaya kawai. i7-4790 na 2014 ne, kor 4 tiredi 8. i3-12100 na 2022 ne, shi ma kor 4 tiredi 8. Ka ga adadin ɗaya ne, amma shekara 8 ne a tsakani, kuma a shekarun nan aikin da kor ɗaya yake gamawa a kowane bugu ya ƙaru sosai, saboda haka i3 ɗin yana wuce i7 ɗin a komai, gem da editin da buɗe manhaja, kuma da ƙarancin wuta, 4790 wat 84 aka rubuta masa.

Nan ne maganar GHz take yaudarar mutane. GHz yana gaya maka sau nawa firosesa yake bugawa a daƙiƙa ne, bai gaya maka aikin da yake yi a kowane bugu ba. Ko a gidan AMD kaɗai, daga Zen 2 zuwa Zen 3 sun ce an samu ƙarin kusan kashi 19 cikin 100 a gudu iri ɗaya, shi ya sa 5600 ya fi 3600 ko da ka daidaita musu GHz. To ina ga zubin da ke da shekara 8 a tsakani. Kar ka kwatanta GHz sai in 'yan gida ɗaya ne 'yan zubi ɗaya.

Ga kuma abin da ke biye da shi, bod ɗinsa LGA1150 ne, RAM ɗinsa DDR3, babu wani abin kirki da za ka hau a gaba, 4790 ɗin ma kusan shi ne ƙololuwar soket ɗin. Yawancin bod na lokacin ba su da ramin M.2 na NVMe, inda ake sa ma'ajiyar SSD mai sauri. Uwa uba Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 na Intel yake farawa, a AMD kuma daga Ryzen 2000, yana kuma neman guntun tsaro na TPM 2.0, shi kuwa Windows 10 an daina ba shi sabuntawar kyauta tun 14 ga Oktoba 2025. Akwai dabarun tsallake shingen, ana yi, amma kai da kake son na'urar aiki ba na ba ka shawarar ka fara da dabara. In Linux za ka sa wannan wata magana ce.

Xeon ɗin da ka gani ina kyautata zaton E5-2680 v4 ne ko ɗan uwansa, kor 14 tiredi 28, na 2016, an ciro su ne daga tsofaffin sabobi shi ya sa suke da yawa a kasuwa kuma da araha. Shi firosesan kansa ba shi da laifi, an yi shi ne don ya yi ta aiki dare da rana. Amma gudunsa 2.4GHz ne, ƙololuwa 3.3, a tsohon zubi, to gem ɗinka na ƙwallo da GTA V ba su san da zaman kor 14 ba, 'yan kaɗan suke amfani da su kuma suna son masu sauri. Wat 120 yake ci, ba shi da girafik, ba ya zuwa da fanka, Windows 11 ba ta san shi ba a hukumance. Sannan bod ɗin da ake haɗa shi da shi yawanci ba na sanannun kamfanoni ba ne, wasu da tsofaffin guntayen da aka ciro daga wasu bod ake ƙera su, BIOS ɗinsu ba mai sabunta shi, wani ya yi shekaru lafiya wani kuma ya fara kashe kansa ba dalili kuma ba inda za ka kai ƙara. Wanda ya san hannunsa kuma aikinsa na kor da yawa ne, irin masu kunna kwamfutoci na gwaji da yawa a cikin ɗaya, zai iya morar sa. A matsayin kwamfutar farko kuma ita kaɗai gare ka, a'a.

In kana son rage kuɗi ta hanyar na hannu, to firosesan ne ya fi dacewa ka saya na hannu ba bod ba, don firosesa da wuya ya lalace in ba a wulaƙanta shi ba, bod da akwatin wuta su ne suke mutuwa. Amma in AM4 ne ka duba ƙafafuwansa, su a jikin firosesan suke. Ka juya shi ka ɗaga shi saitin haske, ka karkata shi kaɗan ka bi layi-layi da ido daga gefe, ƙafafun lafiyayyu za ka ga sun jeru kamar an ja zare, wadda ta lanƙwashe ita kaɗai za ta riƙa ƙyalli daban, sai ka juya ta ɗaya gefen ka sake dubawa don wata ba ta nunawa sai ta can. Yadda suke lanƙwashewa kuwa yawanci wajen cire fanka ne, man da ake shafawa ya bushe ya manne, mutum ya finciko fankar sai ta taho da firosesan daga soket. Shi ya sa in za ka cire ka fara kunna kwamfutar ta ɗan yi ɗumi, ka kashe, sannan ka murza fankar hagu da dama a hankali kafin ka ɗaga. A Intel kuma ƙafafun suna cikin soket ɗin bod ne, to can za ka haska. Kuma kowanne ne ka sa a kunna shi a gabanka ka ga sunansa ya fito a BIOS.

Zee_Editin:

To tunda RX 6600 kake hari kuma 'yan watanni ne, ni dai ina nan kan bakana, i5-12400 mara F da bod mai DDR4. Ka yi editin ɗinka yanzu lafiya lau, gem ka ɗan yi haƙuri ko ka sauke komai ƙasa, kati na zuwa ka samu cikakkiyar kwamfuta ba tare da ka rasa komai ba. In 12400 ya yi maka nauyi ka sauko 12100 mara F, daga baya in ka samu i5 ka canza a bod ɗin.

Malam_Habu:

A wannan yanayin da ya faɗa yanzu ba zan yi musu da Zee ba, in jimlar 12400 da bod ɗinsa ta zo kusa da ta 5600G da nasa, 12400 ɗin ya fi ma'ana. In kuma tazarar tana da yawa to 5600G da 6600 ma haɗi ne mai kyau, ba wanda zai kalli allonka ya ce maka ai L3 ɗinka 16MB ne. Takardar nan da na ce ka rubuta ita za ta raba gardama.

Kowanne ka ɗauka ga abubuwa biyu da suke cinye wa mutane ƙarfin da suka biya kuɗinsa. RAM ka sayi sanda biyu, 8GB sau 2, kar ka sayi 16GB guda ɗaya, musamman tunda girafik na cikin firosesa za ka fara da shi, shi ba shi da ma'ajiyarsa, daga RAM yake ara, sanda ɗaya tana rage masa hanya da rabi kuma a gem za ka gani ƙarara. In bod ɗin mai rami huɗu ne, na biyu da na huɗu daga wajen firosesa ake sawa, A2 da B2, amma ka leƙa littafin bod ɗin. Sannan bayan ka haɗa ka shiga BIOS ka kunna XMP, saitin da yake sa RAM ya yi cikakken gudunsa, a wasu bod na AMD DOCP suke rubutawa, in ba haka ba RAM ɗin da ka saya 3200 zai zauna a 2133 ko 2400 yana ta tafiyar hawainiya kai ba ka sani ba.

In AM4 ka bi, B450 ya fi araha amma ya riga Ryzen 5000 fitowa, sai an sabunta masa BIOS yake gane su. Wasu kwalayen akwai tambari a jiki da ke nuna an riga an sabunta, amma kar ka dogara da shi kaɗai, ka shiga shafin kamfanin bod ɗin ka duba jerin firosesan da yake ɗauka da lambar BIOS ɗin da kowanne yake buƙata, don 5600G da 5500 da 5600 sun fito ne bayan 5600X. Mafi sauƙi ka nemi bod mai maɓallin BIOS Flashback a baya, da filashi kawai ake sabunta shi ko babu firosesa a ciki. A520 da B550 ma ka duba jerin. Kuma da 5600G ba sai ka biya kuɗin B550 don PCIe 4.0 ba tunda firosesan kansa 3.0 ne, sai dai in kana da niyyar canza shi nan gaba.

Auta_Kwamfuta:

Madalla, na fahimta yanzu. Na cire i7 da Xeon da 5500 daga lissafi, saura 12400 mara F da H610 a layi ɗaya, 5600G da B450 ko A520 a ɗaya layin, gobe in sha Allahu zan tambayo farashin kowanne in haɗa jimla in dawo in gaya muku.

Tambaya ta ƙarshe dan Allah, akwatin wuta mai wat nawa zan saya tun yanzu wanda zai ɗauki RX 6600 ɗin in ya zo, don kar in sayi abu sau biyu?

Injiniya_Sadiq:

550 ya ishe ka har da rara, 6600 wajen wat 132 yake ci. Ka dai tabbatar na sanannen kamfani ne mai shaidar 80 Plus, kuma yana da wayar PCIe mai rami 8 don katin ita yake nema, kar ka yarda da wanda ake bayarwa kyauta a cikin kes.